Allurar Agogon Kawu

Saura kaɗan in bar wanga labari a cikina. Sau biyu ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don duk ta inda na juya shi, Kawu ne ke fitowa fes, ni kuma in fito da ƙura a fuska. Ni da na saba, in an zauna shan shayi, ni ke ba da labarin wautar mutanen garuruwan da na gani. Amma a wurin zaman makoki na ji ɗaya daga jikokinsa, cikin waɗanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, yana gaya wa wani baƙo wai mamacin tsoho ne mai son hotuna. Iyakar abin da ya rage musu ke nan. To gara in ji kunya da a bar shi haka.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya rasu a ƙauyenmu, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, a bakin kogi, ina Jidda. Ban sami jana'iza ba. Jirgi zuwa Bur Sudan, daga nan mota da ƙura da tsaye-tsaye, sai ran kwana na uku na iso, na tarar an cika rakuba, rumfar ƙofar gida, da tabarmi har kan hanya. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga hannuwa ya ce Fatiha, mu miƙe mu amsa, mu koma mu zauna. Gwiwata ta gaya mini shekaruna a ran nan.

Kowa da Kawun da ya zo da shi. Mutanen Dinder sunka ce shi ke raba faɗan ruwa tsakanin manoma ba tare da ya ɗaga murya ba. 'Yan'uwanmu na Rusairis, da sunka cika babbar motar hafila guda, hirar rowarsa da sukari sunka yi, suna dariya suna share ido. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin darni ta ƙi shiga wajen mata sai da ta faɗi nata. Ta ce duk ranar da jirgi zai yi feshin maganin auduga, tun kafin rana ta ɗaga zai bi gida-gida yana cewa a rufe randa, a kwashe shanya, a ɗaure awaki, kuma ba wanda ya sa shi. Liman ya ce shekara da shekaru bai taɓa juyowa bayan sallama bai gan shi a sahun farko ba.

Ni dai ina zaune ina jira a zo kan abin da anka fi sanin Kawu da shi, don nan ne sunana zai fito.

Bayan la'asar wani tsohon makanike Balarabe ya iso daga Sinnar, ana riƙe da hannunsa. Tare sunka yi aiki da Kawu a filin jiragen feshi. Ya yi Fatiha, ya zauna, ya yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba sauti sai kafaɗa. Da ya natsu ya ce shi ya kwance injin jirgi ya ɗaura ba adadi, amma bai taɓa ganin mai idon wannan Bahaushe ba. Sai ya dubi jama'a ya ce ina wanda mamacin ya koya wa, yana so ya gaisa da shi.

Na gyara jallabiyata. Wallahi har na dafa ƙasa zan tashi.

Sai liman ya juya wajen darni ya ce a kira auta, ƙaramar 'yar mamacin.

A nan ya kamata in koma baya.

Kawu da tuta ya fara. A zamanin da ake fesa wa auduga magani da jirgi, akwai masu tsayawa a bakin gona da tuta don matuƙi ya san layin da zai bi. Jirgi ya taho ƙasa-ƙasa kamar zai aske maka kai, ka duƙa, ya wuce, ka ƙirga taku ka matsa gaba. Da tari ya kama shi, mufattishi, mai duba aikin gonakin, ya tausaya masa ya mai da shi gadin filin jiragen. Fili ne kawai na jar ƙasa a bayan tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki, da ganguna da rumfar kwano. Mai gadi ba ruwansa da cikin jirgi. Amma Kawu mutum ne da bai iya ganin ƙura ya wuce. Wata safiya ya hau da tsumma da gashin kaza ya share allon agogan da ke gaban matuƙi, wanda muke ce wa tablon. Baturen da ya zo ya gani bai yi faɗa ba. Kashegari ma ya bar masa ƙofar a buɗe.

Haka ya yi shekaru. Kowace kaka da matuƙanta, wasu daga Foland, wasu daga Bulgeriya, wasu daga inda bai iya faɗin sunansa. Bai san boko ba, balle rubutun Rasha. Ajami ya sani. To sai ya riƙe tablon yadda ake riƙe fuskar mutum. Ya sa musu sunaye nasa. Akwai Raƙumi, babban ɗan Rashan nan mai fiffike sama da ƙasa, sitiyari biyu, agogai jere kamar kwanukan ɗakin amarya. Akwai Ƙusumbi, ɗan Amurka mai kujera ɗaya a tozo, sanda tsakanin ƙafafu, agogai 'yan kaɗan kamar abin tausayi, hannun ba da wuta a bangon hagu, da wani jan hannu da in an ja shi duk maganin ya zube lokaci ɗaya. Wannan jan hannun, in ji shi, shi kaɗai ne bai taɓa sa wa tsumma ba, hura shi yake yi da baki.

Yana da maganarsa da duk ƙauye ya haddace. Ya ce fenti na mai jirgi ne, tablon na jirgin ne. A canza launi, a goge lamba, a rubuta sunan wata ƙasa, in dai ya leƙa ciki zai ce wannan ai shi ne ya zo shekara uku da sunka wuce, ga inda zoben Baturen ya goge ƙarfe.

Kuma bai taɓa tashi sama ba. Ko sau ɗaya.

Kawu 'ya'ya mata Allah ya ba shi, biyar. Ni ne ɗan ƙanwarsa da ke manne da shi, don haka ni ya riƙa ɗorawa a kujerar matuƙi da sassafe yana nuna mini. Ya koya mini tambayoyinsa huɗu, kuma a jere suke, ba a tsallake. Me matuƙi ke riƙewa? Hannuwa nawa ne a tsakanin kujeru, don kowane inji da hannunsa? Wane launi aka shafa, don Rashawa suna son wani kore-shuɗi kamar na ƙofar shagon mai shayi? Ta huɗu ita ce tasa ta kansa, ba makaniken da ya koya masa: ina rana ta ci? Ya ce rana tana shiga ta gilashi ta kwanta a saman tablon, ta kodar da shi, ta tsattsaga roba, ƙura kuma ta sami lungunta. Daga nan za ka san shekarun jirgi da irin ƙasar da ya kwana.

Mahaifiyata ba ta so ba. Sun yi wata guda ba sa magana a kan haka. Ta ce yana cika wa ɗanta kai da abin da ba a ci, ga hawasha, gonarmu, tana jiran a cire mata ciyawa. Ya ce mata kakanmu ya taso daga Sakkwato da ƙafa zai je Makka ya maƙale a nan, ai dole wani a zuriyar ya ƙarasa. Ta ce to shi ya ƙarasa mana. Da kisra, wainar dawar nan mai faɗi, da miyar kuɓewa anka shirya su, ita ta aika, shi ya cinye ya mai da kwano ba ko sannu.

A cikin akwatinsa na ƙarfe akwai wani agogo naɗe a tsohon rawani. Na Raƙumi ne, wanda ke nuna nisan jirgi da ƙasa. Wani matuƙi ya ciro masa daga jirgin da anka yi watsi da shi a ƙarshen kaka. Baƙar fuska, fararen lambobi, allura biyu. Kawu ya ce wannan ba ya son lantarki ba ya son mai, iska kaɗai yake sha. Ya taɓa ɗaukarsa har Rusairis, ya roƙi masu gadi ya hau saman madatsar ruwa yana riƙe da shi a tafin hannu. Ya dawo yana ba da labari wata guda: doguwar allurar ta motsa, faɗin ƙwayar dawa. Mutane sunka ce Kawu ya biya mota don ya ga ƙwayar dawa.

Ran da zan bar gida, ina da ashirin da 'yan kai, ya buɗe rawanin ya nuna mini ya ce: "Tafi ka zama idona. Duk tablon da ka gani ka aiko. Ran da ka kawo wanda na kasa, wanga naka ne."

Na yi Libiya, na yi Chadi, na yi tuƙin babbar mota a hanyar da ba ta da suna, daga baya na zauna a Jidda, a filin jirgi. Aikin farko da na samu shara da goge-goge ne a cikin jirage. Da na aika wa Kawu ya yi dariya har ya ƙware, ya ce ashe gado ya bi ni har can. Ina roƙon matuƙa su bar ni in ɗauki hoto, masu kirki su bari. In wanke, in ba alhazan da ke komawa. Bayan wata biyu kaset ya iso da muryarsa, bayan gaisuwar mutum arba'in da labarin wanda ya haihu da wanda ya mutu: mai hannu huɗun nan ɗan Amurka ne, babba, ga layin ƙananan agogai huɗu a tsakiya. Mai sitiyari kamar ƙahon rago ba ɗan Amurka ba ne ba ɗan Rasha ba, ka tambaya mini ƙasarsu. Wanda ba sitiyari sam sai 'yar sanda a gefe, wannan na Turai ne, kuma matuƙinsa yana cin abinci a kan tebur kamar mufattishi.

Bai taɓa kuskure ba. Ni kuma ban damu ba, don in na zo hutu ni ne sarki a rakuba. Ya ce a matsa wa idona wuri. Ni ake fara zuba wa jabana, gahawarmu. Shekara ashirin ina shan kofin farko.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani.

Autarsa taubashiyata ce, kuma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Tana kirana bawanta, kalmar da ba ma faɗa a gaban maƙwabtanmu Larabawa don ba za su gane wasa ba ne. Ni kuma in ce mata mai mulkin murhu. Mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ke dafa wa Kawu jabana, ita ke kai shi ƙofar masallaci. Iyakar tafiyarta a duniya Sinnar, sai Madani sau ɗaya wajen likitan haƙori.

Lokacin an daina kaset, hoto ta waya nake turawa. Wayar kuwa tata ce. Sai ya zama ita ke duba hoton, shi yana tambaya tana faɗa masa. Na ɗauka aikin karatun wasiƙa ne kawai. Wata rana na kira bayan na tura wani, ina jin ƙarar turmin jabana, Kawu ya fara: me yake riƙewa? Kafin ya kai ta biyu na ji muryarta daga gefe, ko daina daka ba ta yi ba, ta ce ai ƙanen na makon jiya ne, sai dai wannan an cire masa agogai an sa shasha, irin gilashin talabijin. Kawu ya yi wata dariya da na sani. Dariyar da yake yi mini ce a kujerar Raƙumi.

Na ce a ba ni ita. Na ce mai mulkin murhu, yaushe kika fara tuƙi? Ta ce tun ran da ta gane bawanta hoto kawai ya iya ɗauka.

Na yi dariya, na kashe waya, na kasa cin abincin rana.

Abin da ya fi ci mini rai, ta fi ni. Ni da nake shiga cikinsu da ƙafata, in shaƙi warinsu, sai na tsaya na yi tunani. Ita daga hoton da bai kai tafin hannu ba, tana tankaɗe, take faɗa. Da na zo hutu na gaba, anka kawo jabana, Kawu ya miƙa hannu yana lalube ya ce ina idona. Na matso. Ashe ita yake nema ta gyara masa matashi. Ba wanda ya lura sai ni, kuma na lura sosai.

Na yi ƙoƙarin saye shi da abin da ita ba ta da shi. Na ce zan kai shi Umra ta jirgi, ya ga abin da ya share shekara talatin yana gogewa yana aiki. Ya tambaye ni a ina zai zauna. Na ce a kujera mai kyau kusa da taga. Ya ce tablon fa? Na ce Kawu, yanzu ƙofar a kulle take, ba mai shiga. Ya ce shi duk jirgin da ya shiga a gaba ya zauna, ba zai tsufa a loda shi a baya kamar buhun dawa ba. Ya riga ya yi hajjinsa ta ruwa, ya ishe shi. Na yi fushi na ce girman kai ne. Ya ce e, shi ne, a ƙara masa sukari.

To ga abin da na so in ɓoye.

A Jidda akwai wani gini inda matuƙa ke koyo. A ciki akwai akwatuna manya a kan ƙafafun ƙarfe. In ka shiga ɗaya, kabinar jirgi ce sak, mazaunin matuƙa, ba abin da ya ragu, har ƙarar inji. Sai dai ba fiffike ba wutsiya, kuma ba ta taɓa barin ɗakin ba. Wani abokina da ke shara a can ya shigar da ni na ɗauki hoto. Ban tura ba. Na riƙe shi wata bakwai a wayata kamar mai kiwon rago, sai da na zo babbar salla.

Na zaɓi lokacin da rakuba ta cika, bayan la'asar, ana ta nama da shayi. Na ce Kawu na zo da wani. Anka kira auta ta tsaya a bakin darni, na miƙa mata waya. Lissafina a shirye yake. In ta ce na Turai ne mai inji biyu, in ce ƙarya ne, wannan ko kaza ta fi shi tashi, jama'a su yi dariya, a san wanda ya ga duniya da wanda ya ga Madani.

Kawu yana kan angarib, gadonsa na igiya, ya juya kunne wajenta. Me yake riƙewa? Ta ce sanda a gefe. Hannuwa? Biyu. Launi? Toka-toka mai shuɗi. Har wani ya ce ai wannan mai sauƙi ne, mai tebur ne. Sai Kawu ya ce ina rana ta ci.

Ta daɗe tana kallo. Ta buɗe hoton da yatsu ta matsa nan ta matsa can. Sannan ta tako ta durƙusa kusa da shi ta yi magana a kunnensa. Na ga ya kama wuyan hannunta ya riƙe. Na ɗauka rawar tsufa ce.

Ya saki hannunta. Sannan ya ce: "Na kasa. Ban san shi ba."

Ban ko jira ba. Na tashi tsaye na ba da labarin akwatin da ƙafafunsa, ina kwaikwayon yadda yake rangaji. Anka yi dariya, ba kamar yadda na zata ba, amma an yi. Na dubi auta na ce yaya, mai mulkin murhu? Ba ta rama ba. Ran nan kaɗai a rayuwarmu ba ta rama ba, ta ajiye mini wayar a kan tabarma ta koma ciki.

Kawu ya sa anka jawo akwatin ƙarfe. Ya kwance rawanin da kansa, ya shafa gilashin da babban yatsa, ya miƙo. Ana ta hayaniya ana mabruk, ana mini barka, ya jawo ni kusa ya ce in mun tashi in riƙe shi a hannu in duba allurar, in gaya masa inda ta kai. Na ce to, to, Kawu, in sha Allahu. Hankalina yana kan fuskokin mutane.

Da zan koma na naɗe shi cikin jallabiyu biyu don kada ya fashe, na sa a ƙasan babbar jaka, anka jefa ta cikin kaya. A Jidda na ɗora shi a kan kanta, sama da gadona. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya ji yadda na ka da tsohon da ba a taɓa kayarwa ba.

Bayan nan na ci gaba da tura hotuna, amsa tana zuwa a gajarce. Sai ƙasa ta rikice da yaƙi, hanya ta rufe, waya ta yi wata-wata ba ta shiga. An ce mini a shekarun nan in jirgi ya wuce Kawu ba ya ko ɗaga kai, yana cewa waɗannan ba auduga sunka zo wa ba. In Allah ya sa waya ta shiga, mu gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, sai ya yi shiru kamar mai jiran wani abu. Ni kuma in cika shirun da labarin tsadar gari. Ban sake ganinsa ba.

To ran nan a zaman makoki, auta ta fito ta tsaya a bakin darni, lulluɓe da tobi, dogon mayafinta. Tsohon makanike ya gaishe ta kamar yadda ake gaida babban ma'aikaci. Ya ciro wani tsohon hoto daga aljihu, duk ya kode, ya ce tun da ya rasa abokinsa ba wanda zai gaya masa wane jirgi ne wannan da ya tsaya a ciki yana saurayi. Ta karɓa ta duba sau ɗaya ta ce Raƙumi ne, kuma wanda ya daɗe a ƙasar nan, ga saman tablon ya yi fari. Tsohon ya sake fashewa da kuka. Jama'a sunka ce Allah ya jiƙan mai koyarwa.

Agogon yana cikin jakata a ɗakin baƙi. Na zo da shi musamman, a naɗe a ƙasan kaya kamar wancan karon, don in fito da shi a rakuba a san wa anka bar wa. Ban fito da shi ba.

Kashegari da hantsi, baƙi sun ragu, na same ta a bayan gida tana wanke kofunan shayi a babban tasa. Na tsuguna na ce mai mulkin murhu, ya haƙuri. Ta ce haƙuri sai ma'abocinsa, bawana, ka yi furfura. Munka ɗan yi dariya. Sai na kasa riƙewa, na tambaye ta abin da ta raɗa masa ran babbar sallar nan.

Ta ce ta gaya masa rana ba ta taɓa shiga wurin nan ba. Ba inda ya kode, ba ƙura a lungu, gilashin gaba baƙi ƙirin ba ko gawar ƙuda. Ta ce masa Baba, wannan bai taɓa kwana a waje ba. Shi kuma tun zamanin Turawan feshi ya san da irin akwatin koyon tuƙin nan, sun ba shi labari. Ya gane kafin ta rufe baki, shi ya sa ya riƙe mata hannu.

Na ce to don me ya ce ya kasa.

Ta ɗauraye kofi biyu kafin ta amsa. Ta ce da jama'a sunka watse ta yi masa faɗa, ta ce ya bar ni na yi musu dariya a banza. Ya ce mata: "Ke kina da ni safe da yamma. Shi can me gare shi? Bar shi ya tafi da agogon. Kuma ni ba zan hau ba, ke ba za ki hau ba. In ba shi ba, wa zai kai shi sama?"

Ina tsugune ina jin kishin nan bai tafi ba, sai ma ya sake zama. Ita ta sami faɗan, ta sami riƙon hannun, ta sami shekarun ƙarshe duka. Ni na sami ƙarfe da gilashi, da aike guda ɗaya.

Ta ce duk ran da na kira, in an kashe waya, sai ya juyo ya tambaye ta ko na faɗi wani abu a kan allurar da shi bai ji ba. Ta ce masa a'a. Ya ce wataƙila sai wani karon. Ta ce sau da yawa ta so ta tuna mini, ya hana, ya ce ba a roƙon ido ya gani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya gani da idonsa abin da mu muka kasa gaya masa.

Ta kife kofi na ƙarshe a kan tire, ta goge hannu a gefen tobi, ta dube ni ba wasa a fuskarta.

"To yanzu ni nake tambaya, bawana. Sau biyu ka hau da shi. Allurar ta motsa?"